Gwanjon Karen Mijina

"Dala ɗari biyar, an sayar!" in ji mai mashayar da ake gwanjon a cikinta.

Wanda ya saya ya ce, "A sake sa shi a gwanjo."

Sau huɗu ke nan ana sayen karen mijina a taron tallafa mana, mu da ramin kwal ya rufta da mazajenmu. Ni na kawo shi.

Mai sayen ƙarshe ya danƙa mini igiyar. "Riƙe abinki, 'yar'uwa. Wa zai raba ki da shi?"

Aka yi ta tafi. Na yi godiya.

Ba wanda ya tambayi dalilin kawo shi. Kullum ƙarfe huɗu, da motar ma'aikata ta tsaya, sai ya ruga bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya.