Gonar da Wuta-wuta Ta Ci

Safara'u ta zo gidan kawunta, Malam Ɗanjuma, tsohon malamin makaranta, idanunta sun yi ja. Tana shekara ta uku a jami'a tana karanta kimiyyar halittu, kuma burinta in ta gama ta samu gurbin karatun likita. Shekarun farko ta yi su da wasa. Wannan zangon ta dage, ta ci kowane darasi da kyau, amma da aka haɗa sabon makin da na baya aka raba, da ƙyar ya motsa. Ta ce, "Kawu, na yi iya ƙoƙarina. Da wannan makin ba za su ko dube ni ba." Kawun ya gyara zama a kan tabarma, ya ce, "Matso kusa, 'yata, ki ji wani misali.

"An yi wani saurayi da mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona mai kyau. Ƙuruciya na ɗibarsa, sai ya riƙa watsa iri in ruwa ya sauka, ya tafi kallon dambe daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ba noma, ba taki. Wuta-wuta, ciyawar nan mai kyakkyawan fure da ke manne wa saiwar gero tana shanye shi, ta samu wuri ta yi fure, ta zubar da 'ya'yanta cikin ƙasa. Ranar da hankali ya zo masa ita ce ranar da ya ga mahaifiyarsa ta dawo daga maƙwabta da kwano a ƙarƙashin mayafi, ta roƙo hatsi, ita da a da ake zuwa roƙo wurinta. Damina na faɗuwa ya shiga gona da dukkan ƙarfinsa. Ya yi shuka a kan lokaci, ya yi noman fari, ya yi maimai, hannuwansa suka yi kanta. Da kaka ta yi, abin da ya ɗaure bai ko rufe gindin rumbu ba. Ya zauna a bakin gona ya ce ƙasar ta mutu, gara ya sayar. Mahaifiyarsa da ta kawo masa fura ta dubi gonar, ta dube shi, ta ce, 'Ba ta mutu ba, ɗana. Abin da ka zuba mata a baya take mayar maka. Wanda ka zuba bana yana tafe.'

"Sai ya bar zancen sayarwa. Ya zagaya gonar a hankali, abin da bai taɓa yi ba, ya gane ashe ba duka ta lalace daidai ba. Gefen gabas da sauran ƙarfi, gefen jigawa ne wuta-wuta ta yi wa kaca-kaca. A can ya daina shuka gero, ya sa gyaɗa da wake, don su ba ta iya shan su, kuma suna gyara ƙasa. Bayan girbi ya roƙi wani makiyayi ya kwana da shanunsa a gonar, suka ci kara suka bar masa taki. Da rani ya riƙa kwasar tokar murhu da sharar turke a kan jaki yana kaiwa. Duk inda ya hango wuta-wuta ta leƙo, sai ya tuge ta tun ba ta yi fure ba. Abin da bai sani ba ya tambayi dattawa, bai ji kunya ba. Damina ta zagayo, amfanin ya ɗan ƙaru, ba wani abin a zo a gani ba. Sa'o'insa suka cika rumbuna, wasu suka yi aure, wasu suka sayi shanun huɗa, shi yana nan durƙushe yana tuge ciyawa. Akwai ranakun da ya yi kuka. Amma kowace damina ciyawar na raguwa, ƙasar na ƙara duhu. Har wata shekara gero ya tashi a gonar nan ya fi mutum tsawo, zangarniya kamar dantse. Ya ɗauko damin farko a ka ya sauke a gaban mahaifiyarsa. A wannan shekarar manoman garin wurinsa suka zo neman iri, kuma ba su ɓoye dalili ba: sun ga gonar lokacin da ta lalace, sun ga hannun da ya tashe ta."

Malam Ɗanjuma ya dube ta, ya ce, "Makin da kika gani na ƙasar da kika bari ne, ba na noman bana kaɗai ba. Ki zagaya gonarki, ki gano darussan da suka fi ja miki baya, ki je wurin malamansu ki tambaya. Wanda aka yarda a sake, ki sake. Wataƙila sa'o'inki su riga ki sa farar riga, wataƙila ki nema a hana ki, ki ƙara karatu ki sake nema. Marar lafiyar da za ki duba wata rana ba zai tambaye ki shekarar da kika shiga ba, lafiyarsa zai tambaya."

Safara'u ta goge idonta da gefen mayafi, ta ce, "To, Kawu, zai ɗauki lokaci."

Ya ce, "Zai ɗauka, 'yata. Ai tun da can Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba."