Toron da Ya Kashe Chande

Mshamu ya durƙusa ya tsoma yatsa cikin kashin giwar. Da sauran ɗuminsa. Ya dubi sawun da ke gefe, ƙafar gaba ta hagu mai tsaga kamar faso, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa takalmi ya murje shi.

Shekara goma sha tara ke nan gwamnati na tura shi harbin giwayen da ke ɓarna a gonakin Liwale, kuma kowa ya san kirarinsa: Harbi Ɗaya. Bai taɓa ƙara wa giwa harsashi na biyu ba, cewa yake wannan aikin 'yan koyo ne. Mutum ne mai son yabo, wannan kam ko uwarsa ba ta musa ba.

Wata uku da suka wuce wani toron giwa ya addabi ƙauyen ƙanwarsa Asumini, har mutane suka bar dawarsu a gona suka lafe a gida. Mshamu ya bi shi kwana biyu, ya dawo ya jefa wutsiya gaban mai gari kamar yadda aka saba. Wanda ya yanko wutsiya shi ya kashe, ba a ƙara tambaya. Nama kam ba a samu ba. Ya ce toron a ƙetaren kogi ya faɗi, kafin a haɗa kwanduna kogin ya cika ya tafi da shi.

"Koma gonarka, malalaci," ya ce wa Chande, mijin Asumini. "Ko tsirara za ka yi noma, babu abin da zai taɓa ka."

"Tsirara? So kake ƙanwarka ta riga giwar kashe ni?" in ji Chande, aka yi ta dariya.

Jiya da hantsi aka tsinci gawar Chande a bakin gonar. A tabarma aka tattaro shi.

"Wani toron kuma," mai gari ya ce. "Sun ƙi ƙarewa. Ɗauki mutum goma, ni kuma in aika a turo maka abokin aikinka."

"Baba, jinin gidanmu ne. Ni kaɗai zan je."

Aka yi ta sa masa albarka. Asumini ba ta yi kuka ba, hannun rigarsa ta riƙe. "Yaya, wutsiyarsa a hannuna nake so. Ba gaban mai gari ba, ni za ka ba." Ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa. Tuwon rogon da aka ajiye masa har ya sandare bai taɓa ba.

Yanzu rana ta take tsaka, yana biye da toron cikin dajin gora, tsoro na cin sa irin wanda bai taɓa ji ba. Sau biyu dabbar ta tsaya ta ba shi gefen kunne, sau biyu yana sauke bindiga. So yake su yi nisa. So yake su kai kogi, inda ƙarar harbi ba ta isa gari.

Sai toron ya tsaya, ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya juya. Hanyar rafi ya nufa. Mshamu ya jiyo muryoyin mata masu wanki, har da wata mai waƙa.

Ya ruga ya sha gabansa, ya ɗora bindiga a kafaɗa. Harbin farko toron ya durƙushe, ƙasa ta girgiza. Mshamu ya matsa ya ƙara masa a ƙirji, don ya taɓa ganin harbi ɗaya ya sumar da giwa ta farfaɗo. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa.

Kafin ya gama mayar da numfashi gari ya taso, maza da gatura, mata da kwanduna.

"Harbi huɗu? Kai, Harbi Ɗaya ya tsufa!" wani ya faɗa, aka kwashe da shewa.

Mshamu ya rataya bindigarsa. Ya zagaya ta bayan gawar ya jingina da ita, wuƙarsa na cikin kube. Taron ya dare, Asumini ta fito cikin zanen takaba ta miƙa masa tafin hannu.

"Yaya, alkawarina."

"Je ki gida, Asumini. Zan kawo miki."

"Ba inda zan je. In hannunka ya gaji, ba ni wuƙar."

"Don Allah, ƙanwata."

"Matsa."

Ya matsa. Shewar ta mutu daga gaba zuwa baya, har na ƙarshen taro ya yi shiru.

Babu wutsiyar da za a yanka. Dungu ne kawai, yankan wuƙa mai kaifi, ya warke sarai tun wata uku da suka wuce.