Fiton da Mai Lambu Ya Ji a Kansa

Ka ce jikinka garau, ba ka ga abin da zai kai ka asibiti ba don hannu ya ɗan yi maka sanyi sau ɗaya. To gyara zama, in ba ka misalin wani mai lambu.

Mutumin nan ya fi shekara talatin yana noman rani a bakin fadama, albasa da tumatir da ɗan attaruhu. Allah ya ba shi kunne: daga nesa yake gane injin ban ruwa ya shaƙi iska ko mai ya yi ƙasa. Ga shi da bin diddigi, komai ya gani sai ya ji yadda aka yi aka haihu a ragaya. Wata hantsi yana tsinkar tumatir sai hannunsa na dama ya mutu, kwando ya suɓuce, ya buɗe baki zai yi kira harshe ya yi nauyi. Kafin ka ce kwabo abin ya sake shi, ya ce zafin rana ne. Amma haka yayansa ya fara, kuma yau shekara huɗu ke nan ɓarin jikinsa a shanye, sai an kwantar sai an tayar. Hannun nan kuwa shi ke ci da gidan. Da abin ya dawo bayan kwana tara, matarsa ta kafa masa ƙahon zuƙa sai da ya tafi babban asibiti.

A can wata likita ta shafa masa wani abu mai sanyi da yauƙi a gefen kai, tsakanin ido da kunne, ta ɗora ɗan kan na'ura a wurin. Tsoro bai hana shi tambaya ba: me ya sa nan? Ta ce ƙoƙon kai kauri gare shi, nan ne ƙashin ya yi shara-shara, na'urar ke aika wani sauti da kunne ba ya ji, ya bugi jinin da ke gudu a jijiya ya dawo, daga nan a san saurinsa. Abin ya burge shi, ya ce ashe kamar mai yi wa rijiya magana ne don ya ji zurfinta. Ta fara da dama, ɗakin ya cika da wani gurnani a natse, fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri. Da ta koma hagu sai ga fito siriri mai kaifi, yana tsere. Fuskar mai lambu ta washe.

"Yauwa! Wannan ɓangaren ai saurayi ne. Ɗayan ne ya tsufa, shi za ki duba."

"Baba, wanda kake yabon shi ne mai ciwon," in ji likitar. "Babbar jijiyar da ke bi ta wuya ta kai jini ƙwaƙwalwa ce ta tsuke a can cikin kai. Kuma ɓangaren hagu shi ke riƙe da hannun dama."

Ta rubuta masa magani, ta ce ya fara sha yau, ya dawo a ƙara yi masa hoto. Ya ce to. A ransa kuwa cewa yake yarinya ta yi karatu, amma ina aka taɓa jin mai gudu shi ne gurgu? Ya ninke takardar ya cusa a hula, ko kantin magani bai kalla ba.

Bayan kwana uku ya tayar da inji, yana bin tiyo yana duba komayen shuka, sai ya ji shi. Fiton nan ne sak. Har ya kai hannu gefen kansa, yana zaton daga ciki yake fitowa. Ya bi sautin a hankali, ya tarar laka da tsakuwa sun cushe mahaɗar tiyo biyu, ruwa na kutsawa ta 'yar kafa yana ihu. Abin da ya sani ne tun yana saurayi: in ka danne bakin tiyo da babban yatsa ruwan yakan yi tsartuwa ya yi nisa, ba don ya ƙaru ba, don hanya ta matse. Ya taka zuwa komin ƙarshe. Albasar ta langaɓe, ƙasa ta tsattsage, bakin tiyo na ɗiga da ƙyar. Ya dubi komin, ya dubi hannunsa na dama, ya tuna yayansa a kan tabarma. Ranar ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya kashe inji ana tsakiyar ban ruwa, ya zaro takardar daga hula. Da ya sake shiga wurin likitar, abin da ya ce mata kawai shi ne, "'Yata, na ji shi a lambu. Komin ƙarshe ba ya samun ruwa."

Har yau da hannun nan yake tsinkar tumatirinsa, kowace safiya kuma sai ya haɗiyi ƙwayarsa kafin ya taɓa inji. Da ya biye wa daɗin fiton nan, da yanzu tabarma biyu aka shimfiɗa a gidansu. Kai ma je ka a saurara maka, don Hausawa sun ce in ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.