Ƙazafin Tsutsa

Saƙo na biyar ya shigo wayar Mubina daga shagon intanet ɗin da ta sayi bandar kifi: "Hajiya, don Allah a rubuta mana yadda aka ji kifin."

Kifin ya yi daɗi, nacin ne ya ishe ta. Ta rubuta a shafin shagon: "Ruɓaɓɓe ne, har da tsutsa." Ƙawayenta na unguwar Gesse suka yi ta yaɗawa suna dariya.

Bayan kwana uku mahaifiyarta ta kira daga Argungu, murya a dishe.

"Mai shagon da nika yi wa banda ya sallame ni, ɗiyata. Wata ta yi mini ƙazafin tsutsa. Na yi mata Allah ya isa, kada ta ga alheri duniya da lahira. Ce amin, Mubina."