Hodar da Ke Shan Rana

Barau ya sa ƙafa ya kifar da turmin tsakar gida, ya duƙa yana leƙen cikinsa. Likita ya ce gubar dalma ta sake hawa a jinin Muhsina, ɗiyar da ta rage masa. Biyu ya binne a Bagega shekarun baya. Tun lokacin ya bar haƙar zinariya, ya koma hana mutane kai dutsen zinariyar gidajensu. To, uban wa ke shigo masa da ƙurar dutsen mai guba?

Kullum yana bakin injin niƙa a bayan gari, yana zazzaga wa masu niƙan masifa. Da la'asar in ya dawo, sai ya ɗauki Muhsina, ya share mata baki da jelar rawaninsa, ya ɗora faɗan daga inda ya tsaya. Matarsa Husaina ya fi zargi, don 'yan'uwanta duk mahaƙa ne.

"Wallahi in na kama ki kina daka musu dutse cikin gidanga, kin bar shi ke nan!"

Ƙanensa Muttaka, mai karatun kimiyya a Sakkwato, ya zo da wata hoda a kwalba. Ya ce ba ta cutarwa. Sinadarai biyu ne a cikinta, ɗaya ya sha hasken rana ya riƙe, yana miƙa wa ɗayan kaɗan-kaɗan, shi kuma ya fitar da shi kore a duhu. Da safe Muttaka ya juye ta cikin injin. Duk inda ƙurar niƙa ta je, hodar na biye da ita.

Yamma na yi, Barau ya dawo daga bakin injin kamar kullum. Can ya kwashi turmi da taɓarya da ƙoren da suka wuni a rana, ya tura kowa ɗaki, ya toshe ƙofa da bargo.

Turmi baƙi ƙirin. Taɓarya haka. Hannuwan Husaina ma babu komai.

"Wankewa kika yi, munafuka!"

Husaina ta saki salati. Can ƙasa, kusa da gwiwarta, leɓunan Muhsina da kumatunta na ƙyalli kore shar.

Barau ya daka tsawa. "Ga ta nan! Wane la'ananne ya taɓa mini ɗiya? Yau sai na ga bayansa!"

Ya durƙusa zai goge mata, ya jawo jelar rawaninsa. Duk ɗakin babu abin da ya kai ta haske.