Igiyar da Aka Rasa Mai Kamawa

Jiya na ji ka a ƙofar masallaci kana zagin 'yan kwana-kwana, wai sun iso gobarar kasuwa sun tsaya jiran a yanke wutar lantarki maimakon su afka ciki. Ga abin da zan ce, in ka ga dama ka ɗauka.

A wani gari an yi wani mai yasar rijiya. Ba wanda ya naɗa shi komai, amma in akuya ta faɗa rijiya shi ake kira, in mutum ne ma shi. Ya fito da masu rai, ya fito da gawa. Waɗanda ya fito da su da rai sun warke sun shiga harkokinsu, wasu ko gaisuwa ba sa tsayawa su yi masa. Dangin matattu kuwa ba su manta fuskarsa ba. In ya ɗauko gawar da ta kwana a ruwa, sai ya yi kwanaki tuwo ba ya wuce masa, matarsa ta ajiye ta ɗauke. Tari ya kama ƙirjinsa, ƙugunsa duk kanta ce ta igiya. Ƙa'idarsa ɗaya, wurin ubansa ya gaje ta: ba ya shiga tsohuwar rijiya sai ya kunna fitila ya zura ta da siririn zare. In ta kai ƙasa tana ci, ya shiga. In ta mutu a hanya, to iskar ciki ta ɓaci, kuma abin da ya kashe fitila zai kashe mutum. Sai ya ɗaure damin ganyen darbejiya, ya yi ta zurawa yana jawowa, ana kwarara ruwa, har iska mai kyau ta sauka.

Wata rana da hantsi, wani mahauci yana bin bijimi a bayan mayanka, ya taka ruɓaɓɓen itacen da aka rufe wata tsohuwar rijiya da shi, ya rufta. Aka ruga aka kira mai yasa. Ya zo ya tarar da jama'a sun cika wurin, ana jiyo nishin mahaucin daga ƙasa. Ya zura fitila, ba ta kai rabi ba ta mutu. Ya ɗaura ganye ya kama aiki. Mutane suka fara guna-guni. Yayan mahaucin ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Nishin ƙanena nake ji, kai kana wasa da ganye?" Mai yasa ya ce a ɗan ba shi lokaci, iskar ba ta gyaru ba. Wani ya ce tsoro ne kawai, ba wata iska. Wani ya tuna da matar da aka fito da ita a mace bara, ya ce ita ma wannan fitilar ce ta kashe ta. Wani tsoho, wanda ya san gaskiya sarai, ya ce da uban mai yasa ne da tuni ya shiga. Ana cikin haka nishin ya ɗauke. Yayan ya shaƙe wa mai yasa wuyan riga, ya ce in ƙanensa ya mutu, alhakinsa na kansa duniya da lahira.

Mai yasa ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk ya san su. Da yawa daga ciki ruwan da suke sha shi ya yashe musu. Ya ajiye ganyen, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ce, "Ku riƙe. In ta motsa ku ja, kada ku tsaya tambaya." Ya sauka. Da ya kai ƙasa ya kwance igiyar daga jikinsa ya ɗaura wa mahaucin, ya girgiza. Suka ja. Mahaucin ya fito, ashe ya riga ya cika. Aka yi kansa da salati da kuka, aka bar igiya yashe a ƙasa. Sai da wata mata mai tallan fura ta tambaya ina wanda ya shiga, sannan aka tuna aka zura igiyar. Ta sauka, ba a kama ba. Aka kira shi, shiru.

Nan aka ce wa zai shiga. Yayan mahaucin ya ce gwiwarsa ba lafiya. Wanda ya ce tsoro ne ya ce shi yana da ƙananan yara. Tsohon ya sulale ya tafi alwala. Maza sun fi a ƙirga a wurin, igiya na lilo a bakin rijiya, ba wanda ya miƙa hannu. Ƙarshe aka aika ƙauyen gaba aka ɗauko wani mai yasar. Shi ma ya zura fitila, ya kaɗa ganye har bayan azahar, ba wanda ya ce masa uffan. Da ya fito da gawar mai yasa na farko, aka ga yatsunsa duk jini, ashe ya yi ta kartar bango yana neman hawa. Aka binne su biyu bayan la'asar. A wurin gaisuwa kowa yana cewa mai yasa jarumi ne.

Waɗanda ka zaga jiya su ma iyali suka baro a gida, kai kuma a tsallaken titi ka tsaya. Hausawa sun gama magana da suka ce: inda babu ƙasa ake gardamar kokawa.