Albasar Ƙungiya

Balaraba ta rungume ƙwaryar a cinyarta, ta danne faifan da ke kai da hannu biyu kamar wani zai ƙwace. A-kori-kurar ta baro Jega ta miƙi hanyar Maiyama, mata cike da bayanta cikin anko iri ɗaya, sai shewa suke da tsokanar juna. Ita kaɗai ta san babu ko sisi a ƙwaryar nan.

Tun shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato Ƙungiyar Matan Zumunta take da tsarinta. Lokacin cirar albasa, sa'ad da take arha kamar banza, kowace 'yar ƙungiya daga Jega da Aliero da Maiyama takan kawo kwando guda. Sai a zuba a rudun mace ɗaya, rumfar karan nan da ake ajiyar albasa, ta yi ta kula da ita har damina ta yi nisa, kaya ya yi tsada. Sannan ta sayar, ta kawo kuɗin wajen taron shekara cikin ƙwarya, a buɗe gaban kowa, a taimaki wani mabuƙaci.

Bana Balaraba aka ba ajiya, alhali zagayen bai ma zo kanta ba. Kuma a mummunan lokaci aka ba ta. Mijinta Malam Rufa'i ya faɗo daga kan motar kaya wata biyu kafin nan. Mai ɗori na Aliero ya haɗa ƙashin, amma ciwon ya ruɓe, shi da bakinsa ya ce a garzaya asibiti Sakkwato, in ba haka ba ƙafar sai yanka. Da me za a je? Shugabar ƙungiya, Hajiya Hindu, ta zo dubiya har sau biyu da ɗan ƙulli a bakin mayafi, sau biyun Balaraba ta bi ta zaure ta mayar mata.

"Mu ba mabarata ba ne, Hajiya."

Haka Allah ya yi ta. Ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce wance ta ba ta.

Kwana uku da cika rudun, wani dillali daga Jega, Alhaji Zayyanu, ya yi sallama, wai ya ji akwai albasa a gidan. Bai ko ɗaga ɗaya ya duba ba, ya yanka mata farashin damina ana tsakiyar bazara. Ta ce ba ta sayarwa ba ce, ta amana ce. Ya ce ba komai, zai ɗan zauna a gindin darbejiya ya huta. Ta koma ɗaki, warin ƙafar ya bugi hancinta, Malam kuwa ya juya fuska bango don kada ta ga hawayensa. Ta fito da gudu ko takalmi babu. Alhajin yana nan zaune, motarsa ma a kusa take. Ta sayar masa da albasar duka.

An ceci ƙafar. Malam ya dawo yana dogara sanda yana sa mata albarka, a zatonsa 'yan uwanta ne suka haɗa mata. Ita kuwa daga ranar barci ya ƙaurace mata.

Ta lulluɓe rudun da zana, kullum da safe ta zagaya shi kamar mai duba kaya. Ta sayar da akuyarta da tasoshin jerenta, ta sayi 'yan buhuna don ta fara mayarwa, ruwan sama ya shige su suka narke. Ta taka har Sabiyal wajen yayarta Adama, ta tarar su ma tuwo sau ɗaya suke ci. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai ta ce shi ke nan, 'yan duba ajiya ne. Wata biyar, ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Wallahi tsoro take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Matar da ta ci amanar mabuƙata, a gari uku, da wane ido za ta sake shiga gidan suna ko na biki?

A Maiyama, inda ake taron bana, an shimfiɗa tabarmi a filin makarantar firamare. Ga waina, ga fura, ga masu kiɗan ƙwarya. Aka danƙa mata waina a hannu, ta ajiye ta gefe. Sau biyu ta dubi hanyar tasha, amma ta ci gaba da zamanta.

Aka tsai da kiɗa. Aka kira mai ajiya.

Ta miƙe, ta ratsa matan nan suna mata guɗa, ta durƙusa gaban Hajiya Hindu, ta ajiye ƙwaryar. Gara ta faɗa da kanta kafin faifai ya faɗa.

"Hajiya, ki yahe mani. Na ci amana, albasar ga..."

Hajiya Hindu ta ɗora tafinta a kan faifan ta danne. Ta ɗaga murya ta ce wa taro bana ba za a buɗe ƙwarya ba, manya sun riga sun san inda za a kai ta. Aka ɗauki guɗa, kiɗa ya tashi. Sannan ta sunkuyo har goshinsu ya kusa haɗuwa.

"Ke dai kin cika taurin kai, ɗiyar ga. Munka ba ki a hannu kinka ƙi, shi ya sa munka zuba miki a rudu. Zayyanu ƙanena ne, ni na aike shi."